Hulɗar ƙwadago a matsayin ƙaramin fanni a jami'a (Accra)

Hulɗar ƙwadago ilimi ne da ke nazarin abin da ke tsakanin ma'aikaci da mai ɗaukarsa aiki da kuma gwamnati: albashi, lokutan aiki, sallama, yajin aiki da hanyoyin sulhu. A jami'o'in da ke barin ɗalibi ya haɗa fanni biyu, akan karanta shi a matsayin ƙaramin fanni, wato ɗalibi yana da babban abin da ya shiga karantawa, kamar tattalin arziki ko nazarin zamantakewa, sai ya raɓa wasu kwasa-kwasai kaɗan na ƙwadago a gefe. A Accra darussan sun watsu tsakanin sassa daban-daban na Jami'ar Ghana da ke Legon da kuma kwalejin ƙwadago ta TUC, babbar ƙungiyar ƙwadago ta Ghana.

Asalin fannin

Fannin ya fara kankama a Ingila da Amurka daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa wajen 1920. Jami'ar Cornell ta buɗe masa makaranta sukutum a 1945. A 1958 masanin Amurka John Dunlop ya fito da tsarin da har yau ake fara koyarwa da shi, cewa dokokin wurin aiki ɓangarori uku ne ke haifar da su: ma'aikata, masu kamfani da hukuma.

Tarihinsa a Ghana

Turawan mulkin mallaka sun kafa sashen ƙwadago a 1938, suka halatta rajistar ƙungiyoyin ma'aikata a 1941. A 1945 aka kafa babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasar a Sekondi, garin ma'aikatan jirgin ƙasa, kuma su ne ƙashin bayanta shekara da shekaru. Yajin aikin gama-gari na Janairun 1950, wanda ya zo tare da gangamin Kwame Nkrumah na neman mulkin kai, ya ɗaure ƙwadago da siyasa ɗaurin da bai kwance da sauƙi ba.

Bayan samun 'yanci a 1957 Ghana ta shiga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Dokar 1958 ta tattara ƙananan ƙungiyoyi ƙarƙashin TUC, ta kuma ba da damar cire kuɗin ƙungiya daga albashi tun kafin ya kai hannun mai shi. Masana sun rabu a kanta: wasu na ganin ta ƙarfafa ma'aikata, wasu na cewa ta miƙa wuyansu ga jam'iyya mai mulki. A Satumban 1961 ma'aikatan jirgin ƙasa da na tashar jiragen ruwa a Sekondi-Takoradi suka ajiye aiki saboda ajiyar dole ta kashi 5 cikin 100 da gwamnati ta ɗora wa albashi, alhali shugabannin ƙungiyarsu na ɓangaren gwamnati. Ga ɗalibi, wannan yajin ya fi yawancin darussan aji nuna ratar da kan shiga tsakanin lebura da mai magana da yawunsa. Gwamnatin Firaminista Busia ta rushe TUC a 1971, sojojin Acheampong da suka kifar da ita suka mayar da ƙungiyar a 1972.

Abin da ake karantawa

Jigon karatun a yau shi ne Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651. Ta ƙayyade aiki awa takwas a rana ko 40 a mako, hutun shekara na kwanakin aiki 15 aƙalla, da hutun haihuwa na mako 12. Aikin da zai kai wata shida dole a sa shi a rubuce. Ita ta kafa Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa mai sasanta rikici, da kwamitin ɓangarori uku mai tsayar da mafi ƙarancin ladan yini. Dokar ba ta shafi sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan gidan yari ba. Akan ƙara da dokar fansho ta 2008, inda mai kamfani ke zuba kashi 13 cikin 100 na albashi, ma'aikaci kashi 5.5.

Nima da aikin da ba shi da takarda

Unguwar Nima, zango mafi suna a Accra, tana da gurbi a tarihin fannin. A nan masanin Birtaniya Keith Hart ya yi bincike a rabin ƙarshe na shekarun 1960 tsakanin Farafara 'yan ci-rani daga arewacin Ghana, ya ga mutanen da alƙaluman hukuma ke kira marasa aiki suna fita da asuba su dawo da na cefane. Bayanin da ya gabatar a 1971, aka buga a 1973, shi ya yaɗa batun sana'o'in da ba su cikin rajista.

Galibin aikin zango har yanzu irin wannan ne. Yaron mahauci ba ya sa hannu a komai. Ubangidansa kan ba shi na abinci da abin da ya sawwaƙa da yamma, in rigima ta taso kuma a gaban sarkin fawa ko limami ake kashe ta. Yarinyar da aka kai koyon ɗinki iyayenta ne ke biya, tana share shago tana guga har ranar yaye. 'Yan matan da ke dako da babban kwano a ka a kasuwar Makola ana kiransu kayayei, sunan da aka ce haɗin kalmar Hausa kaya ce da kalmar mata a harshen Ga. Ladansu ciniki ne a bakin rumfa, kaya ɗaya kuɗi ɗaya. Direbobin haya su ne suka fi tsari, domin ƙungiyarsu GPRTU tana cikin TUC.

Aiki bayan karatu

Masu wannan ƙaramin fanni kan shiga ofishin kula da ma'aikata a kamfanoni, ko ƙungiyoyin ƙwadago, ko sashen ƙwadago na gwamnati. Hedkwatar ƙungiyar haɗin kan ƙwadago ta Afirka, OATUU, wadda aka kafa a 1973, ita ma a Accra take.