Mishigan da Ohayo: tambayoyin da ake dawo da su duk watan Nuwamba

Da zarar Nuwamba ya kusa ƙarewa sai tambayoyi su fara zubowa a kan wasan Jami'ar Mishigan da Jami'ar Jihar Ohayo, kuma kusan duk iri ɗaya ne. Ga amsoshin a wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wannan ba zari-ruga ba ne?

A'a. Ƙwallon Amurka ce. Mutum 11 a kowane ɓangare, ana jefa ƙwallo gaba sau ɗaya a kowane yunƙuri, abin da zari-ruga ta haramta.

Da ƙarfe nawa ake bugawa?

Ranar Asabar ta ƙarshen mako bayan bikin godiya na Amurka, ƙarshen Nuwamba. A al'ada ana take wasa da sha biyun rana agogon gabashin Amurka, wato shida na yamma a Najeriya da Nijar, biyar a Gana. Kada mutum ya ruɗu da jin minti 60 ne, kashi huɗu na minti 15. Agogo yana yawan tsayawa, ga talla, ga hutun rabin lokaci, sai a kwashe awa uku da rabi. Shekara mai lamba cika, irin 2024, a Kolombus, garin Jami'ar Jihar Ohayo, ake yi. Mai mara, a Ann Arbor, garin Jami'ar Mishigan.

To ai wasan ɗalibai ne, mene ne abin zumuɗi?

Wannan tambayar tana gajiyar da ni. Filin Mishigan yana ɗaukar mutum 107,601, na Ohayo 102,780, kuma duka biyun cika suke yi maƙil. Babu filin wata ƙungiyar ƙwararru ta NFL da ke da kujeru haka. Tun 1897 suke karawa, Mishigan ta ci na farkon 34 da nema. Daga 1918 ba a fasa ba sai a 2020 saboda korona. Jihohin biyu ma sun taɓa jan daga a kan yankin Toledo a 1835 zuwa 1836, tun kafin a san ƙwallon. A Ohayo, duk ɗan wasan da aka doke Mishigan da shi yana samun ɗan ƙaramin wando na zinari da ake ratayawa, al'adar da ta faro a 1934.

Yaya ake ƙirga maki?

Kai ƙwallo gidan ƙarshe na abokan hamayya, maki 6, sannan a ƙara 1 da bugu ko 2 da sake kutsawa. Bugu tsakanin sanduna, 3. Kayar da mai ƙwallo a cikin gidansa, 2. Masu ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci, a sabunta musu huɗun. Shi ke nan. In ka riƙe wannan za ka bi wasan, kada tarin dokoki ya tsorata ka.

Ina kallo amma ba na gane wa ke da rinjaye. Me zan duba, kuma za a iya sanin mai nasara tun kafin a tashi?

Nan ne maganar take da tsawo, kuma ba zan ba ka tabbaci ba, don babu shi. Abu na farko, cire idonka daga kan mai jefa ƙwallo. Kyamara shi take bi, sabon ɗan kallo ma shi yake bi. Dubi layin ƙartan nan biyar da ke gabansa a daƙiƙa biyun farko bayan an saki ƙwallo. In suna tura masu tsaro baya taku ɗaya ko biyu, mai gudu da ƙwallo zai riƙa samun yadi huɗu ko biyar, dama ta uku ta zo saura yadi biyu. In su ake turowa, dama ta uku za ta riƙa zuwa saura takwas ko tara, dole a yi jifa, masu tsaro kuwa sun san haka, sai su saki jiki su afka wa mai jifan.

Don haka alƙaluman da za ka nema a hutun rabin lokaci su ne yadin da kowa ya ci da gudu. A wannan karawa, tun farkon shekarun 2000, wanda ya fi yadin gudu shi ne kusan kullum yake tafiya da nasara. A 2021, C.J. Stroud na Ohayo ya yi jifan yadi 394, amma Mishigan ta ci yadi 297 a ƙasa, Ohayo 64 kacal, Hassan Haskins na Mishigan ya shiga gida sau biyar, aka tashi 42 da 27. A 2024 Mishigan ba ta ko cikin jerin manya, jifanta duka yadi 62, ta je har Kolombus ta ci 13 da 10.

Sai dai a yi hattara, alƙaluman nan suna da ha'inci. Wanda ke gaba da maki yakan koma gudu don ya cinye lokaci, wanda ke baya ya koma jifa, saboda haka wani lokacin nasarar ce ta jawo yadin. Shi ya sa na ce a duba a rabin lokaci, ba bayan an tashi ba. Kuma gudu biyu masu tsawo suna kumbura lissafi: a 2022 Donovan Edwards na Mishigan ya tsere yadi 75 da kuma 85 a kashi na huɗu, alhali a rabin farko da jifa mai nisa Mishigan ta rayu. A 2018 kuwa Ohayo ta zuba wa tsaron Mishigan, wanda ake ta yabo a shekarar, maki 62, yawanci da gajerun jifa da ke ratsa tsakiyar fili.

Abu biyu kuma suna rushe duk wannan lissafi. Ɗaya, zubar da ƙwallo: a 2016 Mishigan ta riƙe wasan tsawon lokaci, amma ta ba da ƙwallo sau uku, ta faɗi 30 da 27 a ƙarin lokaci na biyu. Biyu, zuwa cikin yadi 20 na ƙarshe a dawo hannu rabbana. Ohayo ta ɓarar da bugu biyu a 2024, a wasan da tazararsa maki uku ce. Ga kuma yanayi. Ƙarshen Nuwamba a can sanyi ne mai sandarar da yatsu, iska tana karkatar da bugu. A 1950 cikin guguwar dusar ƙanƙara an yi bugun sallama ƙwallo, wato buga ta nesa a bar wa abokan hamayya, sau 45, Mishigan ba ta sabunta dama ko sau ɗaya ba, amma ta ci 9 da 3.

Wa ya fi cin wani?

A jimilla Mishigan, saboda nasarorinta na shekarun farko. A wannan ƙarni Ohayo, da ta ci takwas a jere daga 2012 zuwa 2019.

Su wane ne Woody da Bo da ake ta ambato?

Woody Hayes tsohon kocin Ohayo, Bo Schembechler tsohon kocin Mishigan, wanda ya taɓa yi wa Hayes mataimaki. Sun kara sau goma daga 1969 zuwa 1978: Bo ya ci biyar, Hayes huɗu, canjaras ɗaya. Bo ya rasu a 2006 ana gobe wasan da jami'o'in biyu suka haɗu suna ta ɗaya da ta biyu a ƙasar, Ohayo ta ci 42 da 39.

Wanda ya faɗi, shi ke nan kakarsa ta mutu?

A da galibi haka ne. Tun 2024 da aka faɗaɗa gasar neman kofin ƙasa zuwa ƙungiyoyi 12, ba lallai ba ne. Ohayo ta sha kashi a hannun Mishigan a Nuwamban 2024, ta zo ta doke Jami'ar Notre Dame 34 da 23 a Janairun 2025 ta ɗauki kofi. Amma kada wannan ya sa ka ce wasan ya rage daraja. Bayan tashi daga wasan 2024 ɗin, 'yan Mishigan sun nemi kafa tutarsu a tsakiyar filin Ohayo, aka kaure da dambe har 'yan sanda suka fesa barkono, hukumar Big Ten, rukunin da jami'o'in biyu ke wasa a ciki, ta ci kowace jami'a tarar dala 100,000.

Ana tashi canjaras?

Yanzu babu. Tun 1996 ake ƙarin lokaci, kowane ɓangare ya fara daga yadi 25 kafin gidan abokan hamayya.