Kafin kulob ɗinku ya sayi ƙarfen harbi mai juyawa

Masu wasan harbi da yawa a Amurka da Turai da Afirka ta Kudu sun fi son auna ƙarfe maimakon takarda, kuma dalilinsu a fili yake: idan harsashi ya samu ƙarfe sai ka ji ƙara nan take, ba sai ka taka ka je ka duba ba. Mai juyawa kuwa ya fi jan hankali. Wanda aka fi sani shi ne wanda ake kira tauraruwar Teksas, mai hannuwa 5, kowane hannu da faifan ƙarfe a bakinsa. Da zarar an kaɗo faifai ɗaya sai nauyi ya rinjaya gefe guda, tauraruwar ta kama juyi, sauran faifan su zama sai gwani. Akwai kuma wani iri mai faifai biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, wanda ake ta bugu har sai ya wuntsila.

Shugabannin kulob, idan kun zauna zaɓe, hirar takan tsaya a kan kuɗi da kuma wanda ya fi daɗin wasa. Mu ma'aikatan lafiya tambayarmu daban ce: bayan harsashin ya bugi ƙarfen, ina yake zuwa? Amsar wannan ita ya kamata ta yanke muku abin da za ku saya.

Harsashin dalma idan ya bugi ƙarfe mai tauri, mai santsin fuska, tarwatsewa yake yi. Ɓarɓashin ya watsu ta gefe, kusan daidai da shimfiɗar fuskar faifan, bai cika dawowa wajen mai harbi ba. Wannan yana faruwa ne kawai idan ƙarfen ya fi ƙarfin harsashin. Shi ya sa masu ƙera na ƙwarai suke amfani da ƙarfen da ake kira AR500, wanda taurinsa ya kai wajen 500 a ma'aunin Brinell, ko AR550 da ya ɗan ɗara shi. Ƙarfen da ake yin ƙofa da tankin ruwa da shi bai kai ko rabin wannan ba. Harsashi yana lotsa shi, ya bar rami, kuma ramin nan shi ne bala'in: harsashi na gaba idan ya faɗa ciki, sai ramin ya juyo da ɓarɓashin baya, kamar yadda ruwa yake fantsamo maka idan ka tara cokali a bakin famfo.

Don haka maganar a kai wa mai walda hoto ya ƙera muku irinsa da araha, ku bar ta. Ba raina sana'arsa ba ne. Ko da an samo AR500 na gaske, zafin walda ko yanka da wutar gas yana kashe taurin ƙarfen a inda zafin ya taɓa, wurin ya yi laushi alhali ido ba ya gani. Ku tambayi mai sayarwa da me aka yanka faifan, gara wanda aka yanka da matsin ruwa ko da hasken leza. Ku duba fuskar: kada a ga ɗinkin walda, ko kan noti mai kusurwa, ko wani maƙali da ya fito gaba. Kauri kuma, wajen milimita 10 shi aka saba da shi don ƙaramar bindiga, wajen milimita 13 don manyan bindigogi masu dogon baki. Amma kauri ba ya maye gurbin tauri; ƙarfe mai laushi komai kaurinsa rami zai yi.

Yanzu ga abin da ya bambanta mai juyawa da na tsaye. Faifan da ba ya motsi akan karkata shi gaba kaɗan, kamar digiri 15 zuwa 20, don ɓarɓashi ya nufi ƙasa. Mai juyawa ba ya tsayawa a kusurwa ɗaya. Ita tauraruwa tana juyi ne fuskarta na kallon mai harbi, to ɓarɓashinta gefe da sama da ƙasa yake bi. Ke nan ba a tsayawa a gefenta ko da nesa, kuma fili yana bukatar tudun ƙasa a dama da hagu, ba a baya kaɗai ba. Shi kuwa mai wuntsilawa, akwai lokacin da faifansa yake kwantawa baya yana kallon sama. Harsashin da ya same shi a wannan hali yana iya zamewa ya haura tudun baya gaba ɗaya. Idan bayan filinku akwai gona, ko hanya, ko makiyaya suna bi, a ganina wannan iri ba naku ba ne. Ku kuma duba tsakiyar abin, inda sandar juyin take: dole a sa mata garkuwa ta ƙarfe mai tauri, domin sabon shiga ita ya fi bugu.

Tazara ba abin ciniki ba ce. Dokokin ƙungiyar wasan harbi ta duniya IPSC, wadda aka kafa a 1976, sun hana auna ƙarfe da ƙaramar bindiga a ƙasa da mita 7, da doguwar bindiga a ƙasa da mita 50. Kamfanoni da yawa ma sukan ce yadi 100 don doguwa. Idan takardar mai ƙerawa ta faɗi tazarar da ta fi ta gasa, ku bi tasa. Harsashi mai ƙarfe a cikinsa, da ƙwayoyin ƙarfe na bindigar farauta, ba a harba su a kan faifai sam, domin ba sa tarwatsewa, dawowa suke yi.

Tabarau mai kare ido har gefe wajibi ne ga kowa da ke filin, har da 'yan kallo da mai rubuta maki. Kunne ma haka: ƙarar bindiga takan wuce desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma harbi ɗaya a wannan mataki yana iya yi wa ji lahanin da ba ya warkewa. A sa matoshi a ciki, a ɗora marufi a kai.

Abin da ya fi damuna, kuma aka fi mantawa da shi, shi ne dalma. A filin da ake auna takarda, harsashi yakan wuce ya nutse cikin tudu. A kan ƙarfe kuwa niƙewa yake yi, ya zama ƙura da ɓarɓashi a gindin abin, a jikin faifan, a kan sandar juyi. Kuma tauraruwa ba ta gyara kanta. Bayan kowane zagaye sai wani ya je ya tsinci faifai 5 daga ƙasa ya mayar da hannunsa. Sau da yawa yaro ake aika wa wannan aiki, ko matashin da ke hidimar fili. Mutanenmu ba baƙin gubar dalma ba ne. A 2010 a Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 kafin a shawo kan abin tare da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF. Can daga dutse ta fito, nan daga harsashi, kuma yawan ba ɗaya ba ne, amma gubar ita ce dai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. A yaro tana taɓa ƙwaƙwalwa da fahimta, a babba tana hawar da jini ta taɓa ƙoda, a mai ciki tana ratsawa ta kai ga ɗan tayi. Mutum yana iya ɗauke da ita wata da watanni ba ya jin komai sai kasala da ciwon kai.

To kada yaro ko mai ciki su taɓa faifai. Mai gyarawa ya sa safar hannu, ya wanke hannu da fuska da sabulu kafin ya ci wani abu, ya ɓare goro, ko ya kunna taba. Ba a cin abinci a layin harbi. Ba a share gindin ƙarfen da tsintsiya a bushe, musamman lokacin hunturu da iska ke ɗaukar komai. A yayyafa ruwa tukuna, a kwashe a zuba a mazubi mai murfi. Kaya da takalman fili a tuɓe su kafin a shiga gida, a wanke su daban da na yara. Wanda yake aiki a filin kullum, kulob ya biya masa gwajin dalma a jini lokaci zuwa lokaci.

Wajen saye kuma ku tambaya ko ana samun faifai da maƙalai daban-daban, domin ko AR500 yana tsufa. Kafin a fara harbi kowace rana, wani ya sa safar hannu ya shafa fuskar kowane faifai. Wanda aka ji rami a jikinsa, ko ya lanƙwashe, ko ya tsage a bakin huda, a cire shi daga fili, kada a cike ramin da walda a mayar.