Binciken Tsagar Dutse a Ƙarƙashin Birane

Binciken tsagar dutse ta hanyar girgiza ƙasa hanya ce da masana ke bi don gano inda dutsen ƙarƙashin gari ya tsage, domin a irin wannan wuri ne girgizar ƙasa ke tashi idan ɓangare ɗaya ya zame a kan ɗaya. Asalinta dabarar masu neman man fetur ce. Ana jera na'urorin sauraro da ake kira jiyofon, sai babbar mota ta danna farantin ƙarfe a ƙasa ta jijjiga shi. Motsin ya nutsa, ya bugi kowace shimfiɗar dutse, amsa-kuwwarsa ta dawo. Daga lokacin dawowar kwamfuta ke zana hoto, kusan yadda ake ɗaukar hoton cikin mai juna biyu a asibiti. Inda shimfiɗun suka goce wa juna, nan tsagar take.

A daji aikin na da sauƙi. A birni kuwa ga kwalta, ga bututu a binne, ba a iya fasa nakiya don girgiza ƙasa kusa da gidaje, ƙarar motoci kuma na danne abin da ake son ji. Wanda ya san rugugin tireloli a Mile 12 ko Agege na Legas ya fahimci dalilin da ya sa aka fi yin aikin cikin dare. Yanzu har wannan hayaniyar ake mora: a 2011 an dasa na'urori fiye da 5,000 a Long Beach ta Amurka, masana suka zana ƙarƙashin garin daga motsin yau da kullum.

Tsagar da ba ta fito fili ba ita ce abin tsoro. Irinta ce ta haddasa girgizar Northridge, wata unguwa a Los Angeles, mai ƙarfin maki 6.7 a 1994. A 1999 masana John Shaw da Peter Shearer suka bayyana tsagar Puente Hills a ƙarƙashin Los Angeles, da taimakon bayanan kamfanonin mai.

Najeriya ba ta kan iyakar manyan faifan ƙasa, wato manyan sassan ɓawon duniya da ke gogar juna, amma ba ta tsira gaba ɗaya ba. Ƙasa ta motsa a Ijebu-Ode a 1984, kuma ranar 11 ga Satumba 2009 an ji motsi a sassan Legas, Ogun da Oyo. Masana kan ambaci tsagar Ifewara zuwa Zungeru, cibiyar da ke sa ido kuma tana Toro a Jihar Bauchi.

Sai dai a Legas, ƙasar da aka yi gini a kai ta cancanci awo kamar tsagar kanta. Birnin na kwance a kwarin Dahomey, bisa yashi da laka, ga wurare irin su Eko Atlantic da aka cike da yashin teku. Ƙasa mai laushi tana ƙara wa girgiza ƙarfi. A 1985 girgizar da ta tashi fiye da kilomita 300 daga birnin Meziko ta rushe benayen da aka gina a kan lakar tsohon tafki.