Daniel Boone bai rayu shi kaɗai a daji ba

An daɗe ana nuna Daniel Boone na Amurka a matsayin maharbin da ke gudun mutane, wai da zarar maƙwabta sun matso sai ya nausa daji shi kaɗai. Tarihin gidansa ya ƙaryata wannan.

An haife shi a Pennsylvania a 1734. Ya auri Rebecca Bryan a 1756, suka haifi 'ya'ya 10. Yunƙurinsa na farko na zama a Kentucky a 1773 da iyalinsa ya yi shi, kuma a tafiyar ce aka kashe ɗan farinsa James. A 1775 ya kafa garin Boonesborough a Kentucky. Wani ɗansa, Israel, ya rasu a yaƙin Blue Licks a 1782. Manta waɗannan 'ya'ya rashin adalci ne ga mahaifiyarsu.

Ya ma yi ɗan majalisa a Virginia. Abin da ya raba shi da Kentucky bashi ne da shari'o'in filaye. A 1799 ya ƙaura Missouri da dangi, ya rasu a gidan ɗansa Nathan a 1820, yana da shekara 85.