Dokar Raba Shara a Kalifoniya: Nauyin da Ta Ɗora wa 'Yan Kasuwa da Masu Gidajen Haya

A jihar Kalifoniya ta Amurka, mai shago ko mai gidan haya ba shi da ikon tara sharar wurinsa wuri guda ya ce mota ta zo ta kwashe. Doka ta tilasta masa ya tanadi hanyar da za a ware kwali da takarda da gwangwani da kwalba da roba gefe guda, ragowar abinci da ganyaye gefe guda, sannan abin da ya rage wanda ba shi da sauran amfani shi kaɗai ne zai tafi juji. Dokar ba a rana ɗaya ta sauko ba. Dokoki ne da aka yi ta ɗorawa ɗaya bisa ɗaya fiye da shekara talatin, kowacce na toshe ɓarakar da ta gabanta ta bari, shi ya sa sai an bi su a jere kafin a gane inda aka dosa.

Tushen abin yana shekarar 1989, lokacin da majalisar jihar ta zartar da dokar da ake kira AB 939. Ita wannan birane da gundumomi ta fuskanta, ta ce su rage sharar da suke binnewa da kashi 25 cikin ɗari zuwa 1995, da rabi zuwa shekarar 2000. Hukumomin suka raba wa magidanta kwanduna, aka koya wa mutane ware shara a ƙofar gida, aka kuma samu ci gaba. Sai dai kaso mafi tsoka na sharar ba daga gidajen masu zaman kansu yake fitowa ba. Daga kantuna yake fitowa, da ofisoshi, da gidajen abinci, da manyan benayen haya. Mutumin da ke haya a hawa na uku ko da yana son ware shararsa, idan ya sauko ƙasa babban kwando ɗaya zai tarar, ba kuma shi ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin kwasar shara ba. Mai gida ne ya ƙulla.

Wannan ɓarakar ce dokar AB 341 ta zo toshewa. Ɗan majalisa Wesley Chesbro ne ya gabatar da ita, Gwamna Jerry Brown ya sa mata hannu a 2011, ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2012. Ta hau kan rukuni biyu. Na farko duk wata harkar kasuwanci da ke fitar da shara mai yawan yadi huɗu na awon ciki ko fiye a mako. Yadi ɗaya na awon ciki shi ne cikin akwati mai tsawon yadi ɗaya, faɗin yadi ɗaya, zurfin yadi ɗaya, kimanin lita 765 ke nan, don haka yadi huɗu ya kai wajen durom 15 irin mai cin lita 200. Kalmar kasuwanci a nan tana da faɗi, ta haɗa da makarantu da ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin da ba neman riba suke ba. Rukuni na biyu kuwa gidajen haya ne masu sassa biyar ko fiye, komai ƙanƙantar sharar da suke fitarwa.

Dokar ba ta ɗaure mutum da hanya ɗaya ba. Yana iya ware kayan ya biya kamfani ya riƙa kwashewa, yana iya ɗauka da kansa ya kai wurin masu sake sarrafawa, yana iya shirya wa wani mai saye ya zo ya ɗauka. Yana kuma iya shiga tsarin da ake kwashe sharar a gauraye a kai ta masana'antar tacewa, muddin abin da za a tsamo ya yi daidai da wanda da an ware tun daga tushe za a samu. Ta kuma bai wa mai gida damar ya wajabta wa 'yan hayarsa su riƙa warewa, don kada ya tanadi kwanduna su kuma su yi biris da su.

A ganina nan ne hikimar dokar take. Ta nemi wanda kwandon ke hannunsa ta ɗora masa nauyin. A garuruwanmu aikin ware shara yana faruwa ne bayan an riga an zubar: ɗan bola-jari ne zai bi juji da buhu da ƙugiyarsa yana tono, yana tsamo gwangwani da roba daga cikin ƙazanta, yana taka fasassun kwalabe, a ƙarshe ya kai wa mai sikeli a auna. Kayan suna da daraja, shi ya sa ake bin su, amma kafin su iso hannunsa kwali ya jiƙe ya ruɓe, takarda ta sha miya ta tashi daga aiki. Abin da Kalifoniya ta yi shi ne ta mayar da aikin warewar zuwa lokacin da kayan ke da tsabta, a hannun wanda ya yi amfani da su, ta kuma ce wanda ke karɓar kuɗin haya ko ribar shago shi zai tanadi wurin.

Raunin AB 341 shi ne ba ta da haƙora sosai. Ta wajabta wa birane su wayar da kai, su sa ido, su sanar da wanda bai bi ba, su kuma kai rahoto ga hukumar jihar mai kula da harkar, wato CalRecycle, amma batun cin tara ta bar wa kowane birni ya ga dama. Birni kamar San Faransisko, wanda tun 2009 ya kafa tasa dokar ta tilasta wa kowa raba shara gida uku, bai jira jiha ba. Wasu wuraren kuwa takardar gargaɗi kawai ake aikawa. Dokar ta kuma sa wa jihar burin kai wa kashi 75 cikin ɗari na rage shara da sake sarrafa ta zuwa 2020, burin da ba a cimma ba, domin adadin ya tsaya ne a wajajen kashi 40 da 'yan kai.

Daga nan hankali ya koma kan shara mai ruɓewa. Dokar AB 1826 ta 2014 ta fara da manyan masu zubarwa a Afrilun 2016, aka yi ta sauke ma'aunin har ya sauko zuwa yadi biyu a mako a 2020. Gidajen haya a ƙarƙashinta ganyaye da ciyawa da rassan da aka sare kawai aka nema su ware, ban da ragowar abinci. Sai wata ƙaramar doka, AB 827, wadda daga 1 ga Yulin 2020 ta ce wuraren da masu saye ke cin abinci su zubar da kansu, dole a ajiye musu kwandunan warewa a fili, kusa da na shara, da alama a jiki. Gidajen abincin da ma'aikaci ke kawo wa mutum abinci ya kuma kwashe kwanukan an ɗauke musu wannan.

Babbar cikinsu ita ce SB 1383, wadda Sanata Ricardo Lara ya kawo a 2016, ƙa'idojinta suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Ita asalinta ma dokar sauyin yanayi ce. Idan aka binne ragowar abinci da ganye da takarda a ƙarƙashin tulin shara inda iska ba ta shiga, ruɓewarsu na haifar da iskar gas ta metan, wadda cikin shekara ashirin take riƙe zafi fiye da hayaƙin kabon sau 80 da ɗoriya. Hukumar jihar ta ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin ɗari na wannan iskar a Kalifoniya daga jujin shara take tashi, kuma kusan rabin abin da ake binnewa mai ruɓewa ne. Saboda haka dokar ta sa buri: a rage binne irin wannan sharar da rabi zuwa 2020, da kashi 75 cikin ɗari zuwa 2025, idan aka auna da yadda abin yake a 2014.

A aikace, ma'aunin yadi huɗu ko biyu ya kau. Kowane shago, kowane gidan haya, har da gidajen masu zaman kansu, sun shigo ciki. An daidaita launin kwanduna a faɗin jihar: shuɗi na kwali da gwangwani da kwalba, kore na abin da ke ruɓewa, ruwan toka ko baƙi na sauran shara. An ba da lokaci har zuwa 2036 kafin a gama sauya tsofaffin kwandunan da ba su lalace ba, don kada gyara ya zama ɓarna.

Gidan haya mai sassa biyar ko fiye, a idon wannan dokar, harkar kasuwanci ce, kuma abin da ake nema daga mai shi a bayyane yake. Ya tanadi kwanduna isassu, masu girman da ya dace, a inda 'yan haya da ma'aikata za su iya kaiwa gare su. Ya riƙa ilimantar da su sau ɗaya a shekara kan abin da ke shiga kowane kwando. Sabon ɗan haya kuwa sai an ba shi wannan bayani kafin ya tare ko cikin kwana 14 da tarewarsa. Ya kuma buɗe wa jami'an birni ƙofa idan sun zo duba wurin ajiye sharar. Mai shago yana da ƙari a kan haka: duk inda ya ajiye wa masu saye kwandon shara a cikin shagon, ban da banɗaki, sai ya ajiye na warewa a gefensa, ya hana ma'aikatansa gauraya kaya, ya riƙa leƙa kwandunan lokaci-lokaci ya ga abin da ake jefawa.

Wannan leƙawar ba ƙaramin abu ba ce. Kwalin da mai ya jiƙa, ko ƙunzugun jariri guda ɗaya a cikin shuɗin kwando, na iya ɓata kayan da aka ɗaure baki ɗaya. Leda kuwa tana naɗewa a jikin injinan tacewa, sai an tsayar da aiki ma'aikata sun shiga sun yanke ta da wuƙa. Jihar ta ɗanɗana kuɗarta a 2018, lokacin da Sin, wadda ta daɗe tana sayen tarin takarda da robar Amurka, ta hana shigar da nau'o'i da dama, ta kuma ce sauran ba za ta karɓa ba idan dattin da ke ciki ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Farashi ya faɗi warwas, kayan da aka sha wahalar warewa suka rasa mai saye.

Sashen dokar da ya fi kwanta mini a rai shi ne na abinci mai kyau. Ta ce a ceto aƙalla kashi 20 cikin ɗari na abincin da ake zubarwa alhali yana ciwuwa, a kai wa mabuƙata. Daga 2022 manyan kantuna, da shagunan kayan masarufi masu girman ƙafa 10,000 murabba'i, wato fili mai ƙafa 100 tsawo da 100 faɗi, da dillalan abinci, dole su ƙulla yarjejeniya a rubuce da ƙungiyoyin da ke raba abinci, su kuma riƙa ajiye lissafin abin da suka bayar. Daga 2024 aka ƙara da gidajen abinci masu kujeru 250 ko masu girman ƙafa 5,000 murabba'i, da otal-otal masu ɗakuna 200, da asibitoci masu gadaje 100 waɗanda ke da wurin dafa abinci. Burodin da ya kwana ɗaya, ko 'ya'yan itacen da suka ɗan yi tabo, ba a yarda a jefa su ko da cikin koren kwando ba matuƙar mutum zai iya ci. An haramta lalata abinci da gangan don kauce wa bayarwa. Mai tsoron kada wani ya ci ya yi ciwo a kai shi kotu kuwa, dokar tarayya ta 1996 da ta jihar ta 2017 sun ba da kariya ga wanda ya bayar da kyakkyawar niyya.

Akwai rangwame. Shagon da abin da yake fitarwa mai ruɓewa bai taka kara ya karya ba, ƙasa da galan 20 ko 10 a mako gwargwadon girman shararsa, yana iya neman birni ya ɗauke masa. Haka wanda ya nuna da hujja cewa harabarsa ba ta da wurin ƙarin kwando. Yankunan karkara masu ƙarancin jama'a, da garuruwan kan tsaunuka inda ragowar abinci ke jawo namun daji, su ma an sassauta musu.

Tara ta fara aiki ne daga Janairun 2024. Ana fara aika takardar sanarwar saɓa doka, a ba mutum kwana 60 ya gyara. Idan bai gyara ba, karon farko dala 50 zuwa 100 ne, na biyu 100 zuwa 200, na uku 250 zuwa 500. Ga mai bene mai sassa ɗari wannan kuɗi ba komai ba ne, kuma ina ganin da gangan aka yi haka, domin bulalar gaske a kan birane take: CalRecycle na iya cin birnin da ya yi sakaci tarar da ta kai dala 10,000 a kowace rana. Birni ne zai matsa wa kamfanin kwasar shara, kamfani ya matsa wa mai gida.

Ba za a ce komai ya tafi daidai ba. Burin 2020 na rage shara mai ruɓewa da rabi ya sha ruwa, har hukumar sa ido ta jihar mai suna Little Hoover ta ba da shawara a 2023 a ɗan dakatar da aiwatar da dokar a sake shiri. Dalilanta na gaskiya ne: wuraren yin taki da injinan mayar da ruɓaɓɓen abu gas ba su wadatar ba, gina sababbi na cin kuɗi da shekaru, kuɗin kwasar shara ya hau, kuma a gidan haya ƙarin yakan gangaro kan ɗan haya. Duk da haka ban ga alfanun dakatarwa ba. Babu mai zuba jarinsa ya gina wurin yin taki idan ba shi da tabbacin kayan za su riƙa zuwa kuma za a sayi abin da ya sarrafa. Shi ya sa dokar ta wajabta wa birane su riƙa sayen taki, ko gas, ko lantarkin da aka samar daga sharar, gwargwadon yawan mutanensu, don kasuwar ta tsaya da ƙafarta.

Ɗan hayar da ya sauko ya tarar babu shuɗi ko koren kwando a gidansu yana da inda zai kai kuka. Ƙa'idojin sun tilasta wa kowane birni ya buɗe hanyar karɓar ƙorafi a rubuce, har daga wanda bai son a san sunansa, ya kuma fara bincike cikin kwana 90 da samun ƙorafin.