Jaridun Nijar: tarihinsu da masu mallakarsu

Kusan dukkan manyan jaridun Jamhuriyar Nijar a Yamai ake buga su, kuma da Faransanci. Daga samun 'yancin kai a 1960 har zuwa 1990, gwamnati kaɗai ke da jarida a ƙasar. A zamanin Shugaba Diori Hamani jaridar kullum ita ce Le Temps du Niger. Da sojoji suka karɓi mulki ƙarƙashin Seyni Kountché a watan Afrilun 1974, sai aka sauya mata suna ta koma Le Sahel. Tana nan har yau tare da ƙanwarta ta mako-mako, Sahel Dimanche, wadda ke fitowa ran Juma'a duk da sunanta na nufin Lahadi. Hukumar buga jaridu ta gwamnati, wato ONEP, ce ke buga su biyun.

A gefe guda, hukumar yaƙi da jahilci ta riƙa fitar da 'yan ƙananan jaridu cikin harsunan ƙasa don manyan da suka koyi karatu, irin su Ganga da kuma Sabon Ra'ayi na Madawa a yankin Tawa. Su ma na hukuma ne, amma a cikinsu manomi kan karanta zancen gona da lafiya da Hausarsa.

Abin ya sauya a 1990, shekarar da aka harbi ɗalibai a gadar Kennedy da ke Yamai ran 9 ga Fabrairu, guguwar neman dimokuraɗiyya kuma ta taso wa gwamnatin Janar Ali Saibou. A shekarar ce Ibrahim Cheick Diop ya fito da Haské, jarida ta farko mai zaman kanta. Sunan Hausa ne, rubutun ciki Faransanci. Maman Abou ya kafa Le Républicain a 1991, shekarar Babban Taron Ƙasa, sannan Le Démocrate da Anfani da wasu suka biyo baya.

Mallaka dai ta bar hannun gwamnati kaɗai, sai dai ba ta koma hannun manyan kamfanoni ba. Galibin jaridun kowacce ta mutum ɗaya ce: shi ne mai gida, shi ne edita, wani lokaci shi ke zagayen neman talla da kansa. In ya yi rashin lafiya, ko aka tsare shi, ko ya samu muƙami, jaridar kan yi shiru. Maman Abou ya fita daban saboda yana da maɗaba'arsa, Nouvelle Imprimerie du Niger, inda har wasu jaridun ke kai aikinsu. Hakan bai hana a ɗaure shi ba a 2003 da 2006 kan abin da jaridarsa ta buga. Ya rasu a 2020.

Kuɗi ne babbar matsalar. Karya darajar sefa a Janairun 1994 ya tsauwala farashin takarda da tawada, waɗanda duk daga waje ake shigo da su. Masu saye kaɗan ne. Kwafi ɗaya kan zaga fada guda, wato majalisar hira ta abokai, daga hannu zuwa hannu ana shan shayi. Talla kuma yawanci daga ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji take zuwa, abin da ke ba mai ba da talla ƙarfin da bai kamata ya samu ba. Mafi yawan Hausawa da Zabarmawa ta rediyo suke jin abin da jaridun suka rubuta, lokacin da ake fassara kanun labarai.

Ta fuskar doka, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salou Djibo ta soke ɗaurin kurkuku kan laifukan aikin jarida a watan Yunin 2010. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hukumomi sun dakatar da ayyukan Maison de la Presse, wato gidan 'yan jarida na Yamai, a Janairun 2024. Yawancin jaridun yanzu sun fi samun masu karatu a Facebook da WhatsApp, inda ake tura shafinsu na farko tun kafin bugun ya isa hannun masu talla a bakin titi.