Katin awon da ke kwance a ƙasan akwati

Ranar awo a ƙaramin asibitin da nake aiki, masu jarirai 'yan wata biyu da wata uku ne suke cika benci, saboda allurar rigakafi. Da yaro ya karɓi allurar ƙyanda ta wata 9, sai kati ya shige ƙasan akwati. Daga nan ba mu ƙara sa shi a ido sai ranar da aka kawo shi a saɓe, ya yi laushi, idanu sun zurma. Alhali kuwa tsakanin wata 6 da shekara 2 girman yaro ya fi shiga haɗari. A lokacin ne nono kaɗai ya daina isarsa, yana rarrafe yana kai duk abin da ya tsinta baki, zawo da zazzaɓi suna yi masa shiga da fita.

Layin nauyin yaro da muke ja a katin nan duk ranar awo labari yake bayarwa. Yawancin jarirai suna zuwa duniya da nauyin kilo 3 ko kusa da haka, wanda bai kai kilo 2.5 ba kuwa yana son kulawa ta musamman. A kwanakin farko jariri yakan ɗan ragu, kafin mako biyu ya koma nauyin haihuwarsa. Zuwa wata 5 ko 6 ya ninka nauyin nan sau biyu, zuwa shekara ya ninka shi sau uku. Layin hawa ya kamata ya riƙa yi kowane wata. In ya kwanta wata biyu ko uku a jere, akwai abin da ke cin yaron, ko da yana wasansa yana dariya. Uwar da ke ganin ɗanta safe da yamma ba ta saurin gane ramarsa, sikeli ne ke ganewa.

Wanda ya fi ɓuya shi ne tsumburewa, wato tsawon yaro ya gaza na shekarunsa. Idan na faɗa wa uwa, amsar kusan ɗaya ce: “Malama, ai gado ne, babansa ma ba dogo ba ne.” Gado yana da nasa, ban musa ba. Amma binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara 5, guda 37 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa 57 ne. Idan fiye da rabin yaran unguwa sun tsumbure, ido ya saba, ba wanda zai ga abin a matsayin ciwo. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne abincin da ya gaza gina ƙashi shi ne ya gaza gina ƙwaƙwalwa, kuma abin da aka rasa daga shigar ciki zuwa cikar shekara 2 da wuya a mayar da shi duka daga baya.

Sau da yawa akwai abinci a gidan, yadda yake isa bakin yaron ne matsala. Cikin ɗan wata bakwai ɗan mitsitsi ne, idan aka cika shi da koko tsararo an cika shi da ruwa. Ki ɗebi kunun a cokali ki karkata, in ya zube nan take ya yi ruwa da yawa. A yi shi da kauri, a zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa ko garin soyayyen waken soya, a ɗiga manja, a sa zogale a miya, a daka busasshen kifi a barbaɗa. Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi sau biyu ko uku a yini bayan nono, daga wata 9 sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani. A kuma zuba masa a kwanonsa shi kaɗai. Ɗan shekara ɗaya da aka haɗa kwano da yayyensa uku, kafin ya kai loma biyu an sidi kwano. Kafin wata 6 kuwa nono zalla, ko ruwa ba ya bukata, duk zafin bazara, domin nonon kansa yawancinsa ruwa ne.

Maigida, wannan naka ne. Kaji suna ƙwai a tsakar gida, ranar kasuwa a kwashe a sayar. A bar wa ƙaramin ko da guda ɗaya. Inna, ke kuma maganar yaye ce. Da an ga uwa ta samu ciki sai a cire yaro daga nono rana ɗaya a kawo miki shi, wai nonon ciki yana lalata yaro. Nonon bai lalace ba, uwar ce ke bukatar ƙarin abinci. Yaron da aka raba da nono da uwarsa a dare ɗaya yakan ƙi cin komai, kuma da yawa daga cikin masu tamowar da muke gani daga nan labarinsu ya fara.

Haka maganar haƙori. Yaro yana zawo kwana biyar a ce haƙori yake yi. Haƙori yana sa dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi, zawo kuwa ƙwayar cuta ce ta shiga ta hannu ko ruwa ko abinci. A ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, kada a tsayar da nono, in ya warke a ƙara masa ci ɗaya a yini har ya mayar da jikinsa.

Akwai ɗan tef mai launi uku da muke zagaya wa damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya lau, rawaya gargaɗi, ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Idan ƙafafu biyu sun kumbura, aka danna da yatsa wurin ya loma, wannan ma tamowa ce, ba ƙiba ba. Abincin gyaɗa na leda da ake bayarwa domin ta magani ne na mai ciwon, ba na rabawa da sauran yaran gida ba.

Girma bai tsaya ga kilo ba. Jariri yakan fara murmushi wajen wata 2, wuyansa ya tsaya wajen wata 4. In ya kai wata 9 bai zauna da kansa ba, ko shekara ɗaya da rabi bai taka ba, ko shekara 2 bai haɗa kalma biyu kamar “ba ni” ba, a kawo shi. Wanda ya iya abu ya daina, wannan kada a jira ko mako guda. Na san za a ce wane ma sai da ya shekara uku ya yi magana. Yana yiwuwa naki ma haka ne, amma dubawa ce za ta nuna. Yaro da yawa da ake cewa nauyin baki gare shi, ji ne ba ya yi sosai, bayan sanƙarau ko ƙyanda ko kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya. Ki tsaya a bayansa ki kira sunansa, ko ki buga kwano, ki ga ko zai waiwayo.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yaron da jikinsa ya sandare ko ya saki, ana ce masa ɗan ruwa, ana ɓoye shi a ɗaka. Idan na bi tarihi, sau da yawa doguwar naƙuda ce a gida har ya fito bai yi kuka ba, ko shawara ce ta kama shi a makon haihuwa aka tsaya jiƙe-jiƙe. Jaririn da idonsa ya yi rawaya, balle har tafin hannu da na ƙafa, ko ya ƙi kama nono, asibiti za a kai shi a ranar, a sa shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske kafin shawarar ta taɓa ƙwaƙwalwa. Kafur ɗin da ake sa wa cikin kayan jarirai yana iya tayar da ita ga wasu yaran, a cire shi. Wanda abin ya riga ya sama, sashen gashin ƙashi yana taimaka masa ƙwarai, musamman in an fara da wuri, kuma ana koya wa uwa motsa jikin da za ta riƙa yi masa a gida.

Dalma ma tana daƙile ƙwaƙwalwar yaro. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Kwallin dutse da ake ranɗa wa jarirai yakan ƙunshi dalmar nan, shi ya sa nake roƙon iyaye mata su haƙura da shi.

Bayan wata 9 akwai allurar ƙyanda ta biyu a wata 15, akwai ɗigon bitamin A duk wata shida har shekara 5, da maganin tsutsar ciki daga shekara ɗaya, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana bayarwa da damina. Ki zaro katin daga ƙasan akwati ki zo da shi awon wannan watan. In ya ɓata ko gara ta ci shi, ki taho haka nan, za mu buɗe miki wani.